Ƙara ta Bakwai

Kwaciri, Fagge
2 ga Yuli

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajja da ta sake kumbura tun farkon damina. Ta ce in gaya wa ɗan wanta shekara biyu ke nan ba ta sa shi a ido ba, in kuma jira yake a kira shi jana'iza, to ya faɗa ta sani.

Na san ka hana a turo maka saƙon murya, wai kunnenka ya gaji da aikin gidan rediyo. Shi ya sa na zauna na rubuto ta imel. Matsala ce ta same ni, kuma a ɓangaren sana'arka take.

Ka san shagona yana hawa na biyu a benen nan na bayan Bata, ta wajen Sabon Gari. Ba mai hawowa har can neman leshi sai wanda ya san ni. Abin da ke riƙe da ni shi ne shirin kai tsaye da nake yi a waya duk Laraba da Asabar. In ɗaga leshi ko mayafi in faɗi kuɗinsa, mata su rubuto "na ɗauka", in aika musu. Maƙwabciyata Uchechi mai shagon takalma ita ke yafa mayafan tana juyi gaban waya. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa. Cikinta wata bakwai yanzu amma ta ƙi bari, wai cikin ma talla ne.

Da ma ina kunna waƙoƙin biki a bayan muryata. Larabar da ta wuce ina tsakiyar shiri mutane suka fara rubuto "ba ma jin ki". Na kusa minti ashirin ina ta zuba ni kaɗai. Ashe masu manhajar ne suka kashe mini sauti, wai waƙar tana da mai ita. Ranar Asabar na canza wata, aka sake kashewa. Yanzu gargaɗi biyu ne a kaina, sun ce na uku rufe shafin za su yi. Mutum dubu goma sha ɗaya ke bina, Yaya, shekara biyu ina tara su.

Abin da ya fi ba ni haushi, waƙoƙin nan saya na yi. Wajen masu tura waƙa na je na biya aka zuba mini a waya. To ina laifina? Na gwada yi ba kiɗa, shirin ya zama kamar zaman makoki, rabin mutane suka fice.

Ka gaya mini yadda zan yi. Hajja na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Kamila

Fatakwal
6 ga Yuli

Kamila,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, ina lafiya. Ki yi wa Goggo Hajja sannu, ki ce ta rage gishiri ta riƙa ɗora ƙafar a kan filo. Ki ce mata kuma ina nan tafe ƙarshen shekara in Allah ya kai mu.

Ba sayen waƙa kika yi ba. Shi wanda ya zuba miki ma ba tasa ba ce balle ya sayar. Ko a hannun mawaƙin kika saya, damar saurare kika saya, ba damar yin talla da ita gaban dubban mutane ba. Kuma ba mutum ne ke zaune yana sauraron ki ba, na'ura ce, ta san waƙar cikin daƙiƙa kaɗan. Za ki ji wasu na cewa ki rubuta "waƙar ba tawa ba ce" a ƙasan bidiyo, ko ki ƙara mata gudu. Duk ba ya yi. Ki daina kunna su gaba ɗaya, ko rediyon maƙwabci kika ji yana shigowa ki rufe ƙofa.

Hanya biyu ce. Ko ki nemi mai waƙar ya ba ki izini a rubuce, ko ki ɗauko daga rumbun sauti da masu shi suka yarda kowa ya yi amfani da shi, har 'yan kasuwa. Na zaɓo miki guda bakwai daga irin wannan rumbun, ga su nan na haɗo da takardar izininsu. Ki buga takardar ki ajiye, ko da wani zai ce nasa ne.

Ukun farko kiɗa ne marar waƙa. Ki rage shi sosai, ya zauna ƙarƙashin muryarki. In mai kallo ya fara bin kiɗan, ya daina jin kuɗin leshi. Ta huɗu ƙararrawa ce, ki danna in an sayi kaya. Ta biyar tafi, ta shida ganga mai sa a jira abin da zai biyo baya. Kada ki yi ta dannawa kamar yaro ya samu sabon usur, sau biyar ko shida a shiri ya isa. Komai kuma ki gwada shi kafin ki fara shiri.

Ta bakwai mai nauyi ce, irin wadda muke sawa a tallan fim. Ita ba ta ko'ina ba ce, ki san inda za ki sa ta.

Jibi za mu shiga ƙauyukan cikin ruwa ɗaukar wani shirin lafiya, mako biyu, an ce babu sabis a can. In na dawo zan duba abin da kika yi.

Yayanki,
Modu

Kwaciri
15 ga Yuli

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana lafiya a cikin ruwan naku, ka riƙa shiga gidan sauro. Ƙafar Hajja ta saɓe kaɗan, jiya da kanta ta taka har gidan suna.

Allah ya saka da alheri. Shiri uku na yi, ba wanda ya taɓa mini sauti. Ƙararrawar nan ta zama abin wasa, mata har rubutowa suke "a kaɗa mini tawa". Uchechi kuwa in na danna tafi sai ta rusuna kamar amarya, mutane su yi ta dariya. Mijinta Uchenna ya ce ta zauna a gida haka nan, ta ce sai bayan Asabar.

Asabar ɗin nan, ashirin ga wata, shagona ke cika shekara biyu. Zan karya farashin leshi talatin zuwa rabi. Na yi magana da wani mai ba da hayar kayan sauti na biki, zai kawo manyan sifiku biyu mu ɗora a baranda suna kallon tsakar bene, don na ƙasa ma su ji su hawo.

Ta bakwai ɗin nan na saurare ta a waya. Ni dai ban ji wani nauyi ba, kamar an rufe ƙofar mota ne da ƙarfi. Amma na gane nufinka, ban ɓata ta a ƙananan shirye-shirye ba. Na san inda zan sa ta: daidai lokacin da zan yaye zanen da na rufe lesukan da shi.

In da gyara ka faɗa kafin Asabar. In na ji shiru na san ka yarda.

Kamila

Fatakwal
22 ga Yuli

Kamila,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kina ina? Kina lafiya? Goggo fa?

Yau da safe muka fito daga ruwa. Ko jakata ban ajiye ba wani abokin aiki ya miƙo mini waya, wai in ga abin da ya faru a Kano. Ƙarar na fara ganewa kafin in gane barandarki. Sai bayan nan na buɗe wasiƙarki ta sha biyar ga wata.

Wayarki a kashe, ta Goggo ba a ɗauka. Na kira ya fi sau talatin.

Ki ji ni da kyau. Kada ki sa hannu a kowace takarda. Kada ki ambaci sunana ko na gidan rediyonmu tukuna. Zan yi miki bayani.

Modu

Kwaciri
2 ga Agusta

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Muna raye. Hajja ba ta da lafiya, jininta ya hau, wayarta kuma ni na kashe saboda masu kira suna zagi. Tawa tana hannun 'yan sanda. Jiya na sa niƙabi na je shagon kwamfuta aka bugo mini wasiƙarka. Ba zan iya zama a can in rubuta amsa ba, shi ya sa na rubuta da hannu, zan ba direban motar Fatakwal.

Ka ga bidiyo, amma ba ka san yadda aka yi ba. Bari in gaya maka.

Na sanar da ƙarfe sha ɗaya. Mai sifiku bai zo ba sai sha ɗaya da kwata, mutum ɗari shida na jira a waya suna rubuto "ina kike". Ya jona wayoyinsa, kiɗa ya tashi lafiya lau, na hau. Ban gwada sauran ba. Ka ce in gwada komai, ban gwada ba. Wannan na faɗa wa 'yan sanda, kai ma na faɗa maka.

Bene ya cika, Asabar ce. Na kafa wayar a bakin ƙofa tana kallon baranda da kan matakala don a ga jama'a. Uchechi ta sauka ƙasa da mayafi ruwan zuma a kafaɗa tana kiran mata su hawo. Tana tsakiyar matakala tana dawowa, mata na biye da ita, na ce "ku shirya", na kama bakin zanen, na danna ta bakwai.

Yaya, ba ƙofar mota ba ce. A cikina na ji ta. Gilashin shagona ya girgiza, kwanon rufi ya amsa. Ni kaina da na danna sai da na durƙusa. Wani a ƙasa ya yi ihu, "Bom!" Ka san mutanen Sabon Gari ba su manta da shekarun nan na tashin bama-bamai ba, kusan kowa a benen akwai wanda ya binne. Na hawa na uku suka yo ƙasa, na hawa na biyu suka bi su, matakala kuma ɗaya ce, mutum biyu ba sa jerawa a cikinta. Na fito ina ihu, "Sifika ce! Wallahi sifika ce!" Ba wanda ya ji ni.

Bai kai minti uku ba. Mutum goma sha ɗaya suka ji rauni. Uchechi ce a ƙasan su duka. Iya Sherifat mai abinci, tsohuwa da ita, ita ta jawo ta, hannunta ya karye a wajen jan.

Wayar tana nan a kafe tana ɗauka. Daga baya aka nuna mini abin da masu kallo ke rubutawa a lokacin. Dariya suke turowa. Sun ɗauka shiri ne muka haɗa.

An yi wa Uchechi aiki da yamma. Namiji ne. Bai zo da rai ba.

Da mutane suka gane abin da ya faru, kaina suka yo. Alhaji Raji, shugaban 'yan benen, shi ya tura ni shagonsa ya ja ƙofa ya tsaya a gaba. Ina jin sa yana cewa, "Wanda zai taɓa ta sai ya fara da ni. Hukuma za ta zo." Kwana uku na yi a wajen 'yan sanda kafin ya tsaya mini aka ba da belina.

Takardar izinin da ka ce in buga tana jakata, na miƙa wa mai binciken. Ya karanta har ƙarshe, ya ajiye a hankali, ya ce, "Malama, wannan ta ce kina da izinin kunna ta. Ba shi muke tambaya ba." Sai ya ce wa ya ba ni ƙarar. Lokacin ban ma ga wasiƙarka ba, amma na ce a intanet na samo. Don haka ka kwantar da hankalinka, sunanka bai fito ba, na gidan rediyonku ma haka. Na karanta wasiƙar taka sau huɗu ina neman inda ka tambayi matar da aka tattake. Ban gani ba.

Kai ka ce in san inda zan sa ta. Na ce maka in na ji shiru ka yarda. Ban ce kai ka danna ba, ni na danna. Amma ka san abin da ke cikinta, ni ban sani ba.

Wani abu kuma. Mutane sun yanki daidai inda Uchechi ta faɗi suna ta yaɗawa, wasu har da ɗora kiɗa a kai. Uchenna ya zo gidan nan shekaranjiya. Bai shigo ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Matata ta gani a wayar wata mai jinya. Ke kika ɗauka, ke za ki cire." Ban san yadda ake yi ba. In ka sani ka rubuto. Iyakar abin da nake nema a wajenka ke nan.

Kamila

Fatakwal
9 ga Agusta

Kamila,

Wa alaikumus salam. Direba ya kawo mini jiya. Allah ya ba Goggo lafiya, ya ba Uchechi da mijinta haƙurin abin da ba ni da bakin faɗa. Ya jikinta? Ya hannun Iya Sherifat? Ya kamata a ce da wannan na fara tun wancan karon.

Da na ce ba ta ko'ina ba ce, wuri nake nufi, ba lokaci ba. Nufina kada a sa ta inda jama'a suke. Ƙarar fashewa ce aka haɗa don fim. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da nauyinta, shi ya sa kika ji kamar ƙofar mota. Na san haka, aikina ne. Layi ɗaya ya isa in rubuta miki: ƙarar bom ce, kada ki sa a babbar sifika. Ban rubuta ba. Tun farko ma me ya kai ni tura irin wannan ga mai shago a Sabon Gari? A Fagge na tashi, ina Kano a shekarun nan. Na zaɓe ta ne kawai don ta yi mini daɗi a kunne.

Maganar sunana, na so ne a samu lauya kafin kowa ya yi magana. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, na tuna da aikina a lokacin da nake rubutawa. Kin karanta daidai.

Na gaya wa shugabana komai. Na rubuta bayani na sa hannu, na haɗa da wasiƙata ta shida ga wata, na aika wa Barista Sharifa, wadda muka yi makaranta tare, ofishinta na nan Fagge. Za ta zo gida ta same ki. Ki gyara maganar da kika yi wa mai bincike, ki ce ni na turo.

Bidiyon kuma, ke kika ɗauka, a doka naki ne, ke kaɗai za ki iya cewa a sauke. A ƙarƙashin kowane ɗaya akwai wajen kai ƙara. Ki zaɓi haƙƙin mallaka, ki sa cikakken sunanki, ki ce ke ce mai shi. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Na haɗo jerin guda arba'in da na gano. Ki sani wanda kika kai ƙara zai iya ganin sunanki, kuma wasu za su sake ɗorawa.

An ba ni hutu daga ashirin da takwas ga wata. In kin yarda in zo, zan zo.

Modu

Kwaciri
24 ga Agusta

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Hajja da sauƙi, ta fara cin abinci. An cire wa Iya Sherifat ɗauri amma hannun bai miƙe ba, 'yarta ke tuƙa mata tuwo yanzu.

Barista ta zo, mun koma wajen mai bincike na gyara maganata. An sa ranar uku ga Satumba a kotu. Ka zo. Hajja ta ce a gyara maka ɗakin zaure. Ni ban san ko na huce ba, amma ka zo ka faɗi naka in faɗi nawa.

'Yan benen sun zauna, sun ce in kwashe kayana kafin ƙarshen wata. Alhaji Raji da kansa ya kawo saƙon, yana ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai, ko sun bar ni ba zan iya hawa matakalar nan ba.

A ofishin Barista nake zama in kai ƙarar bidiyon. Na yi sittin da uku, an sauke hamsin da ɗaya. Kowane ɗaya sai na buɗe na tabbatar shi ne, sannan in rubuta sunana in ce nawa ne. Jiya na ga sababbi huɗu.

Sau biyar ina zuwa gidan su Uchechi tun da aka sallame ta. Kullum Uchenna ya ce tana barci. Ranar Laraba na ji ya sayar da shagon, za su koma Owerri wajen danginsa. Ita ko Owerrin ba ta taɓa zama ba, a Kano aka yanke mata cibi. Na sake komawa, wannan karon ita ta ce a bar ni in shigo.

Tana zaune a ƙasa tsakanin akwatuna, ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa a gabanta. Ita ta fara magana.

Ta ce, "Kamila, na san ba da gangan kika yi ba. Na gaya wa Uchenna, na gaya wa lauyarki, in an tambaye ni a rubuce ma haka zan ce."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ina ƙoƙari. Amma in na ga fuskarki ƙarar nake ji. Yanzu ma ina jin ta." Sannan ta ce, "Ranar Juma'a za mu tashi. Don Allah kada ki zo tasha."

Jiya ce Juma'ar. Motarsu ƙarfe huɗu take tashi. Na yi wanka, na sa mayafi, na zauna a bakin gado har aka kira la'asar aka idar. Ban je ba.

Ƙanwarka,
Kamila